In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Motocinmu da Sakacinmu a Kelle

Idan ka tambayi direba abin da ke kashe mota a ƙasar Kutus, zai lissafo maka yashi, da duwatsu, da lodin da ya wuce kima, da man bakin hanya da aka gauraya. Duk gaskiya ne. Amma akwai maɓarnacin da ba a cika sa shi a lissafi ba, wataƙila don ƙanƙantarsa, wataƙila kuma don babban mutum yana jin nauyin ya ce abin da bai kai tafin hannunsa ba ne ya tsayar masa da mota. Wannan maɓarnaci shi ne ɓera, ko kusu kamar yadda wasunmu ke kiransa. Yakan shiga ƙarƙashin murfin injin da dare, ya gaigaye waya, ya huda tiyo, ya tara tsumma da ciyawa ya yi sheƙa, da safe mai mota ya murɗa makulli ya ji shiru.

Ra'ayina a kan wannan lamari ɗaya ne. A cikin duk abubuwan da ke lalata abin hawa, ɓarnar ɓera ce ta fi sauƙin hanawa, domin maganinta bai wuce ido da tsintsiya ba. Saboda haka duk inda ka ga ɓera ya kashe mota ko babur, to akwai mutumin da ya gayyato shi, ko da bai sani ba. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan shari'a: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na kawo maganar gaban malamai da iyaye ne domin a hannunsu yara ke koyon kula da kaya, su ne kuma suka fi shan wuya ranar da abin hawa ya ƙi tashi.

Dalilin da abin ya fi ciwo a Kelle

Mutumin Yamai ko na Kano in ɓera ya cinye masa waya, asararsa kuɗi ce da ɓata yini guda a gareji. A Kelle lissafin daban ne. Garin yana arewa da Gure, cikin duwatsun Kutus, kuma ƙauyuka da rugagen da ke ƙarƙashinsa a warwatse suke. Daga Gure zuwa Damagaram akwai tafiyar wajen kilomita 160 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Ƙaramin gyara ana yinsa a gida, amma kayan lantarkin motar zamani sau da yawa sai an aika Damagaram, wani lokaci ma sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, wadda ke da ƙarin tafiyar wajen kilomita 240. Duk wanda ya ga yadda kaya suka yi wuya da tsada lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, daga 2023 har zuwa watan Maris na 2024, ya san cewa waya mai tsawon ɗan yatsa tana iya ajiye mota makonni.

A wuri irin wannan, abin hawa guda yana ɗauke da bukatar mutane da yawa. Motar da ke zuwa kasuwa ita ce ke kawo gishiri da sabulu da littattafan yara. Babur ɗin malami shi ne ke kai shi taron malamai, shi ne kuma ake ara da tsakar dare idan kunama ko maciji ya ciji yaro. Tun 2005 dokar Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, amma kyautar tana jiran mace ne a asibiti, kuma sai an kai ta. Mace mai naƙudar da ta gagara ba ta da makonnin jiran waya daga Kano. Wannan ne ya sa na ce maganar ɓera da injin ta wuce ta makanikai, ta shafi duk mai iyali.

Abin da ke kai ɓera cikin injin

Ɓera ba ya ƙin mota, ba ya kuma son ta. Abubuwa uku yake nema: abinci a kusa, duhu da maɓoya, da ɗumi. Injin da aka kashe da magariba yana riƙe da zafinsa sa'o'i, kuma a tsakanin batir da matatar iska da jikin mota akwai lunguna da kyanwa ba ta iya shiga. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba, wato wajen milimita 6. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu. Na babban ɓera suna ƙaruwa da fiye da milimita 2 a kowane mako. Shi ya sa ba ya jin asarar haƙori wajen gaigayar duk abin da ya tare masa hanya ko ya dace da shimfiɗar sheƙa, ko roba ce, ko soso, ko rigar waya.

Ga kuma yawan haihuwa. Ɓeran da ya fi yawa a gidajenmu na Sahel, wanda masana ke kira Mastomys, cikinsa bai wuce kwana 23 ko kusa da haka ba, kuma uwa ɗaya tana iya zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa guda. Mota da aka bari wata guda ba a taɓa ta ba, ta isa a yi ciki a kuma haihu a cikinta.

Ɓarnar tana da lokacinta. Da damina ciyawa ke fitowa ta yi tsaba, ɓeraye su samu abinci su hayayyafa. Da kaka ana kwaso gero da wake da harawa daga gona zuwa gida, su ma su biyo. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin dare ke kora su neman ɗumi. Akwai kuma shekarun da abin ke wuce misali. Ƙasashen Sahel sun ga annobar ɓeraye a 1975 zuwa 1976, suka sake ganin wata a 1986 zuwa 1987, duka biyun bayan ruwa ya dawo a ƙarshen fari mai tsanani. Darasin shi ne duk shekarar da damina ta yi albarka, ciyawa ta rufe ƙasa, to mai mota ya ƙara buɗe ido da kaka.

Wani abin lura shi ne mota ba wurin kwanan ɓera kaɗai ba ce, abin hawansa ce ma. Binciken da masana suka yi a Yamai da kudu maso yammacin Nijar ya nuna cewa baƙin ɓera, wanda ba ɗan ƙasa ba ne, ya fi taruwa a kasuwanni da tashoshi da wuraren ajiye kaya, kuma yaɗuwarsa tana bin hanyoyin manyan motoci. Ke nan motar da ta kwana a tasha cike da buhuna tana iya shigo da baƙo gari ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Irin ɓarnar da yake yi

Tsohuwar Land Cruiser mai shan gas wayoyinta kaɗan ne, makanike na iya bin su da ido. Motar zamani kuwa wayoyin da ke jikinta in aka miƙe su sun haura kilomita ɗaya, kuma da yawansu sirara ne masu kai saƙo ga kwamfutar mota. Guda ɗaya ta yanke, mota na iya ƙin tashi, ko ta riƙa shan mai fiye da kima, ko ta mutu a tsakiyar daji. Wanda bai san dalili ba sai ya yi ta sauya fulogi da famfon mai masu lafiya, yana zubar da kuɗi, alhali cutar tana ɓoye a bayan injin.

Akwai abin da ya fi wannan. Idan wayoyi biyu da aka feɗe suka haɗu, ko ɗaya ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi ke tashi. Idan kusa da wurin akwai busasshiyar ciyawar sheƙa, ko tiyon mai da aka huda yana ɗiga, gobara ce. Sheƙar da aka yi a kan bututun hayaƙi ma tana iya kamawa da zafi kaɗai. Tiyon ruwan lagireto in ya samu ƙaramin huji, ruwa zai tsiyaye a hankali a kan hanya, injin ya yi zafi har ya buga, kuma gyaran injin da ya buga ya kan kusa kuɗin sayen wani. Matatar iska in ɓera ya huda ta ya cika akwatinta da ɓawon gyaɗa da tsabar gero, ƙura za ta shiga injin kai tsaye, kuma mun san irin ƙurar ƙasarmu.

Babur ma bai tsira ba. Ƙarƙashin kujera da akwatin matatar iska su ne ɗakunan ɓera. Haka janareta, da injin ban ruwa na masu lambu a cikin kwarurrukan Gure, da wayoyin sola da ke ba makaranta haske ko firjin allurar rigakafi sanyi.

Uzurori uku da amsarsu

Uzuri na farko shi ne a ce laifin kamfani ne. Wannan magana tana da asali. A 2016 wasu masu motoci a Amurka sun kai Toyota da Honda ƙara, suna cewa rigar wayar da ake haɗawa da sinadarin waken soya ce ke jan ɓeraye. Kamfanonin sun musanta, suka ce ɓera yana gaigayar waya tun kafin a san da wannan haɗi. Ko ma wa ke da gaskiya, mutumin Kelle ba zai sauya wayoyin motarsa gaba ɗaya ba, kuma ba shi da kotun da zai kai ƙarar kamfani. Matsalar ma ta kowace ƙasa ce: a Jamus wata 'yar dabba mai kama da tunku tana cinye wayoyi da tiyon motoci, har kamfanonin inshora na biyan diyyar motoci sama da 200,000 a shekara. Bambancinmu da su shi ne su akwai mai biya, mu kuwa aljihunmu ne. Wanda ba shi da mai biya masa shi ya fi cancantar yin rigakafi.

Uzuri na biyu shi ne a ce ƙaddara ce. Babu musu cewa komai da sanin Allah. Amma kakanninmu ma sun san ƙaddara, duk da haka suka ɗora rumbu a kan duwatsu, suka ɗaga shi daga ƙasa, suka liƙe bakinsa, suka share gindinsa. Ba su bar gero a ƙasa suka ce abin da zai faru zai faru ba. Mutumin da ya kare damin gero da wannan hikima, ya zo ya jingina babur a jikin rumbun nan wata uku, bai yi wa kansa adalci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uzuri na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro: a ce ai magani na kasuwa, a sayo shinkafar ɓera a barbaɗa. Iyaye su saurara da kyau. Gubar da ake sayarwa a ƙulle cikin leda ba ta da suna, ba ta da bayanin ƙarfinta, kuma ana cakuɗa ta ne da abin da yaro ma ke so, kamar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kifi. Yaro mai rarrafe ba ya bambancewa. Kaza ta ci ta mutu, kyanwa ta ci mataccen ɓera ita ma ta bi shi, ka kashe mai gadinka da hannunka. Ɓeran da ya ci guba kuma yakan koma maɓoyarsa ya mutu, wato cikin motar, a lungun da hannu ba ya kaiwa, ya bar ka da wari. Haka ƙwallayen kafur da wasu ke zubawa a injin: fari ne, kama da alewa, kuma yana iya fasa jinin yaron da ya haɗiye shi. Su kuwa 'yan na'urorin da ake cewa suna korar ɓera da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, tun 2001 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni sama da 60 da su daina alkawarin da ba su da hujjarsa. Ɓera yakan saba da ƙarar ya ci gaba da sha'aninsa.

Abin da ke aiki

Na farko, wurin ajiya. Kada mota ko babur su kwana kusa da rumbu, ko buhunan hatsi, ko tarin kara da harawa, ko turken dabbobi inda ake zuba dusa, ko juji. A share ciyawa da tarkace a kewayen wurin har taku biyu ko uku, domin ɓera ba ya son ƙetare fili a sarari.

Na biyu, cikin motar. Motar da ta dawo daga kasuwa akwai tsabar gero da wake a kowane lungunta. A share ta a ranar, a ɗaga tabarmin ƙasa, a fitar da ragowar biredi da dabino da ɓawon gyaɗar da fasinja suka bari. Wannan ita ce daddawar da karin maganar ke nufi.

Na uku, motsi. Abin hawa da ke aiki kullum ba kasafai ɓera ke zama a cikinsa ba. Wanda zai daɗe a ajiye, a tayar da shi aƙalla sau ɗaya a mako, a matsa da shi daga inda yake. A buɗe murfin injin, wanda wasu ke cewa bonet wasu kapo, a bar haske da iska su shiga. In wurin yana da tsaro, barin murfin a buɗe da dare yana rage ɗumi da duhun da ɓera ke nema.

Na huɗu, toshe hanya da kafa tarko. Makanike na iya sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin bututun da ke shigar da iska. Tarko na ƙarfe, da ɗan ƙuli-ƙuli a bakinsa, a kafa shi da dare a gindin tayoyi, domin ta nan ɓera ke hawa, a ɗauke shi da asuba kafin yara su fito. Game da barkono, yajinsa yana damun ɓera, har kamfanin Honda yana sayar da wani salatif na musamman da aka haɗa da sinadarin yajin don naɗe wayoyi. Amma barbaɗa garin barkono a injin dabara ce ta kwana biyu, kuma fanka na iya watso shi a idon wanda ya leƙa.

Idan kuma an riga an ga alama, wato kashin ɓera, ko warin fitsarinsa, ko yagaggen soso, ko ɓawon gyaɗa a kan injin, to kada a murɗa makulli don a gwada. A fara da ƙwanƙwasa murfi, a leƙa da tocila kafin a sa hannu, domin maciji yana bin ɓera, kyanwa ma takan kwanta a wurin da sanyi. A cire kan batir, a fara da na ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. A bi wayoyi da tiyon mai da na ruwa da fanbel da matatar iska ɗaya bayan ɗaya, a duba ruwan lagireto da man birki. Wayar da ta yanke a haɗa ta da mai kauri irin nata, a liƙe da dalma, a naɗe da salatif mai kyau. Murɗa bakin waya a ɗaure da leda gobara ce aka ajiye wa gobe. Fiyus kuma in ya ƙone, yana faɗa maka akwai cuta a wani wuri ne. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba ya cire mai gadin motarsa.

Sharar sheƙar ita ma tana da ƙa'ida, saboda lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓeran Mastomys yake kama mutane, kuma akwai wasu cututtukan da ke bin wannan hanya. Don haka kada a share busasshen kashin ɓera da tsintsiya ko a hure shi da iska, ƙurarsa ce ke shiga hanci. A sa safar hannu ko leda, a rufe hanci, a jiƙa wurin da ruwan jabel, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a bar shi minti biyar, a kwashe a ƙulle a binne ko a ƙone nesa da mota. A bar injin ya bushe kafin a mayar da batir, a wanke hannu da sabulu. Wannan aikin manya ne, ba a sa yaro.

Rabon makaranta da na gida

Babban hutun makaranta a Nijar yana cin watannin damina, ana komawa a farkon Oktoba. Malami da yawa ba ɗan garin da yake koyarwa ba ne, in zai tafi gida yakan kulle babur ɗinsa a aji ko a ɗakin ajiya. A makarantun da ke ciyar da yara, ɗakin ajiyar nan shi ne inda shinkafa da wake da gero suke, ko ragowarsu. An haɗa wa ɓera abinci da ɗaki da kwanciyar hankali na wata uku, daidai lokacin da yake hayayyafa. Ba babur kaɗai zai ci ba, har rajista da littattafan da aka sha wuya kafin a samu. Shawarata ga shugabannin makarantu da kwamitin CGDES ita ce a raba abinci da injin da takarda, kowanne da ɗakinsa. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. A toshe ramuka kafin a rufe makaranta. A ba mutum ɗaya daga cikin iyaye makulli ya riƙa leƙawa kowane mako.

Nan ne muka zo kan asalin cutar. Motar mutum ta kansa ba ta cika kwana biyu bai leƙa ta ba. Wadda ɓera ke cinyewa ita ce ta kowa: motar ɗaukar marasa lafiya, motar hukuma, babur ɗin aiki, janaretan makaranta, injin da wata ƙungiya ta kawo kyauta. Taya ɗaya ta fashe, a jingine mota ana jiran kuɗi daga sama, kafin kuɗin su iso ɓera ya mai da gyaran taya gyaran wayoyi. Abin da kowa ke da shi, ba wanda ke buɗe murfinsa. Maganin wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kowane abin hawa na jama'a a rubuta sunan mutum ɗaya da ke da alhakinsa, a ajiye ɗan littafi a ciki, kowace Juma'a ko ranar kasuwa ya buɗe injin, ya tayar, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Kwamitin kula da asibiti da na makaranta da masu unguwanni suna da haƙƙin su nemi ganin littafin, domin su ne za su nemi motar da tsakar dare.

Malam, a wannan magana akwai darasi a shirye. A lissafi, ba yara uwa ɗaya mai 'ya'ya goma, rabinsu mata, su auna abin da za a samu bayan haihuwa uku. A kimiyya, nuna musu haƙorin ɓera da dalilin gaigayarsa, da wanda ke cin wa a cikin halittu. Zagaya makaranta da su, alli a hannu, su yi wa kowane rami da kowane tarin shara alama, sannan a gyara. Ka kuma yi musu maganar mujiya. Yaranmu suna jifanta saboda camfin da suka ji a gida, alhali gidan mujiya guda yana cinye dubban ɓeraye a shekara. A Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna ta yi musu gadi. Yaron da ya fahimci wannan zai ajiye danƙonsa.

Iyaye kuma, yaro abin da ya ga ana yi shi yake yi. In ya ga mahaifinsa yana share mota bayan kasuwa, yana leƙa injin kafin ya tayar, yana ɗauke babur daga jikin rumbu, to gobe in aka ba shi amanar motar asibiti ko kuɗin jama'a, hannunsa ya riga ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ba yara aikin da ya dace da su: share fili, rufe kwanon abinci, kai shara nesa da gida, da faɗa wa babba in sun ga kashin ɓera. Guba da tarko da kwashe sheƙa a bar wa manya.

Kafin sanyin bana ya kankama, ina roƙon duk mai karanta wannan da ke da mota ko babur ko janareta a hannunsa, nasa ne ko na amana, ya fita yau ya duba abin da ke kewaye da shi, ya buɗe murfin injin ya haska tocila. Aikin bai kai minti biyar ba. In bai ga komai ba, ya gode wa Allah ya sake dubawa mako mai zuwa. In ya ga sheƙa, to ya kama ɓarawo tun kafin ranar da za a buga masa ƙofa ana neman mota. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba mu ikon riƙe amana.